Yadda Bakina Ya Cinye Numfashin Kakana

Ku da kuke tsayawa a bakin dam ɗin Goronyo kuna ɗaukata da waya in na ɓullo daga ruwa, na ji abin da kuke faɗi. Wai nutso ai toshe hanci ne kawai a faɗa. Jiya ma wani cikinku, wanda ko a randar gidansu aka tsoma kansa sai an kira masa malamai, ya ce shi ma zai iya. To ku zauna. Sunana Basiru, shekarata goma sha takwas, bakwai daga ciki a wannan sana'a na yi su. A hannun kakana na koya, Ummaru Mai-nutso. Ni Tsoho nake ce masa, shi kuma ɓarawon mata yake ce mini, wai don kakata Kulu ta fi cika mini kwano.

Mu ba masunta ba ne, masunta ne ke nemanmu. Lokacin da aka tare ruwan Rima ya haɗiye gonaki da itatuwa, kuma itatuwan suna nan tsaye a ƙasa har yau, ba ganye, sai rassa. Masunci zai shimfiɗa kallinsa, doguwar ragar nan da ake bari cikin ruwa, iska ta kora ta, ta naɗe a reshe. In ya ja ta yage, in ya bari ya rasa. Sai ya zo ƙofar gidanmu. Ladanmu bisa al'ada shi ne kifin da ya fi girma a cikin ragar. In babu kifi, goro da godiya.

Kayan aikin ba su cika buhu ba. Igiya a ƙugu. Doguwar gwangwala da ake kafawa kusa da itacen, ita kake bi ka sauka. 'Yar wuƙa a ɗaure a damtse. Man gyaɗa na shafe jiki lokacin sanyi. Sai carbi a hannun mai riƙe igiya, yana ja yana ƙirga daɗewarka a ƙasa. Idan ka girgiza igiya sau ɗaya, lafiya lau. Sau biyu, a jawo ka, ko da mai riƙon yana cikin amsa sallama. Ido ba shi da amfani a can, ruwan kamar kunun kanwa yake. Yatsu ne ke gani. Amma jarin gaske ba ya cikin jirgi, a ƙirjinka yake. Tsoho yakan cinye carbi guda da rabi kafin ya ɓullo. A kasuwa nakan ce carbi bakwai, har da tsayawa gaisawa da kada.

Shekara biyu na yi ban taɓa ruwa ba, riƙon igiya kawai. Bayan nan ya fara jefa cokalin ƙarfe a inda ruwa ya kai wuya ya ce in ɗauko. Sai ya koma ƙulla igiya a gindin gwangwala, ƙulli a kan ƙulli, ya ce in kwance ba tare da na taso ba. Aikina na farko ragar wani mutumin Rabah ce, sabuwa fil. Na sauka, na lalubo, na ji numfashi yana neman ƙarewa, na zare wuƙa na yi mata kaciya. Na fito ina washe baki. Tsoho ya dubi ragar, ya dube ni.

Ya ce, "Wanga aikin ai ko akuya ta iya shi. Wuƙa don ranka anka ba ka ita, ba don ragar mutane ba."

Kwana uku na yi a zauren mutumin ina ɗinki. Tun daga ranar na gane: in numfashi ya gaza, ka taso ka sha iska ka koma, ko sau goma ne. A aikina na biyu minjirya ta ba ni wuta a tafin hannu, har sai da na hango kasuwar Wurno daga ƙarƙashin ruwa. Tsoho ya yi dariya har jirgi ya kusa kifewa.

Duk yaron bakin ruwa ya san jinin fitsari. Mu a wurinmu ba ciwo ba ne, alamar girma ce. Har gasa muke yi a bayan ganuwar dam, wanda nasa ya fi ja shi ne babba. Tsargiya ce, ƙwayar cuta ce da ke shiga jiki daga ruwa, amma wa zai gaya wa ɗan ruwa haka ya saurara? Tsoho tun yana yaro yake da ita. Shi ya sa da jinin ya dawo masa a tsufa bai faɗa wa kowa ba, sai da ya fara fita guda-guda, Kaka Kulu ta gani a bakin masai. Asibitin garinmu suka tura mu Sakkwato. Can aka zura masa na'ura mai ido, aka ce ciwon daji ne a mafitsara, amma Allah ya taimaka bai huda ciki ba, a sama yake. Aka kankare shi.

Likitar mace ce, siririya mai tabarau, ba ta ɗaga murya. Ita ta yi mana bayanin maganin da za a bi da shi. Ta ce mun san allurar nan ta tarin fuka da ake yi wa jarirai a damtse, mai barin tabo? To irin ƙwayoyin nan ne, waɗanda aka raunana, za a ɗura masa cikin mafitsara da 'yar roba, su tayar da sojojin jikinsa su cinye abin da ya rage. Sau ɗaya a mako, mako shida. Daga baya a riƙa ƙarawa lokaci-lokaci.

Ni nake raka shi. Za a ɗura, ya riƙe fitsari awa biyu, yana juyawa a kan gado: rigingine, dama, rub-da-ciki, hagu. Na ce masa, "Tsoho, ga ka awa tsire a bakin wuta, yaji kaɗai ya rage." Ya jefe ni da hula. Likita ta ja mana kunne da abu guda. Ta ce zai riƙa jin zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi bayan an ɗura, kwana ɗaya ko biyu, wannan aikin magani ne. Amma in ya wuce kwana biyu, ko tari ya shigo, a dawo da shi a ranar, kada a jira gobe. Da kunnena na ji. Har maimaitawa na yi mata.

A makonnin nan wata mura ta ratsa Goronyo. Ba gidan da ta tsallake. A gidanmu ta kwantar da babana, ta kwantar da innata da ƙannena, ni kuwa na yi atishawar da ta kashe wutar murhu. Tsoho ko majina bai ja ba. Mutumin da ake ɗura wa magani kowane mako shi kaɗai ne garau.

Da muka koma Sakkwato na kasa haƙuri. Na ce, "Likita, wai maganin ga shina hana mura? Gidanmu dut mun kwanta, ban da shi."

Ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce, "Tambaya mai kyau. Masana ma sun yi ta, musamman lokacin korona. Tunda maganin yana tayar da garkuwar jiki, an yi zaton ko zai taimaka wa huhu. Wasu sun ce sun ga alama, wasu sun duba ba su gani ba. Amsar gaskiya ita ce ba a tabbatar ba. Don mafitsara muke ba shi. Kada ku dogara da shi don mura."

Haka ta faɗa, ba ƙari ba ragi. Ƙarin a mota aka yi shi, kuma ni na yi. Kafin mu fita daga Sakkwato, "ba a tabbatar ba" ya koma "ana kyautata zato". Da muka kai mararrabar Wurno na gaya wa mai albasar da ke kusa da ni cewa manyan likitocin duniya sun gano. Da muka sauka a tashar Goronyo kuwa, an riga an sa wa kakana sulke daga wuya zuwa cibiya.

Sai ku gane wasan jika da kaka kafin ku yanke mini hukunci. Tsakanina da Tsoho ba a faɗin magana yadda take. Ko dai in ce ya tsufa ba ya iya tauna tuwo, ko in yi masa kirarin da ya fi ƙarfin sarki. Kowa ya san haka, ba mai ɗauka da gaske. Da makonni shidan suka cika, ranar kasuwa na bi shi a baya cikin 'yan kifi ina ɗaga murya: "Ku kauce ga mai sojoji a mara! Mura ta gan shi ta yi tari! Wanda anka ɗura wa bataliya guda, kowane soja da bindigatai!" Mutane suka yi ta dariya, wani ya ba ni soyayyar tarwaɗa. Kuskuren shi ne wannan karon na liƙa sunan likita a jikin wasan. Kirarin jika kowa ya san iska ce. Amma "likita ta ce" ba wanda ya saba jin ta cikin wasa.

Tsoho ma da farko harara yake yi. Daga baya na lura ya daina. Mutum ne da aka kwantar aka zura masa roba a gaban yara masu fararen riguna. Wata biyu ana yi masa sannu kamar mai jego. Yanzu ga shi ana nuna shi da yatsa ana cewa mura ba ta kama shi. Ya koma ruwa da izinin likita, ya ciro raga uku a mako guda, kuma numfashinsa na nan yadda yake.

Aikin da ya kawo ƙarshen komai na Altine ne, masunci daga Boyekai, abokin Tsoho tun ƙuruciya. Tsakiyar sanyi ne. Ranar Talata aka ƙara wa Tsoho magani a Sakkwato, Laraba da hantsi Altine ya yi sallama, ido ja, murya a dishe, yana tari kamar injin ban-ruwa da ya sha iska. Ya ce kallinsa ya maƙale a babban itacen nan na wajen tsakiya. Kaka Kulu ta miƙo ƙwaryar koko daga bayan labule, da ludayi biyu.

Ta ce, "Malam, kowa da ludayinai. Kuma ka matsa daga kusa da Altine, ba ka jin yadda shika tari?"

Tsoho ya ajiye ludayi ɗaya gefe. Ya ce, "Shekara hamsin muna sha da ludayi guda, yau za ki raba mu? Tambayi ƙaramin mijinki mi likita tac ce."

Ta ce, "Basiru, mi tac ce?"

Nan ne wurin. Ina zaune a bakin zaure, Altine yana kallona, Tsoho yana murmushi. Abin da likita ta faɗa yana nan a kaina kalma-kalma. Na buɗe baki na ce, "Kaka, ko buhu guda na mura anka zuba mai, sojoji na tsaye."

Altine ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Suka shanye kokon da ludayi ɗaya.

Washegari muka shiga ruwa. Na ce ni zan sauka, Tsoho ya ce itacen ya fi ƙarfina, rassansa hawa biyu ne. Na shafe masa baya da man gyaɗa, na riƙe igiya. Sau huɗu ya sauka. Ragar ta naɗe a reshen ƙasa, ga tsofaffin ƙugiyoyi da wani ya bari a jiki, sai da ya cire su ɗaya-ɗaya da yatsa. Ya fito da ita ba ko huda, da giwan ruwa a ciki wanda ya kai tsawon hannuna. Ban taɓa ganin aiki mai tsafta irin wannan ba, kuma ban sake gani ba.

Asabar zazzaɓi ya rufe shi. Muka ce na magani ne, ai an ƙara masa ranar Talata. Ba wanda ya tsaya ya ƙirga cewa kwana huɗu ke nan, alhali na magani a ranar yake zuwa ya wuce. Lahadi tari ya fara. Kaka Kulu ta tare ni a tsakar gida.

Ta ce, "Sau nawa anka ɗura mai maganin ga? Ka taɓa jin ya yi tari? Wagga mura ta, irin ta Altine. Ku kai shi."

Na shiga na gaya masa. Ya ce, "In tahi Sakkwato a ce mura ta kai Ummaru asibiti? Bayan abin da anka ji kasuwa? Ruwa na nis sha wurin nutso. Gobe shina wucewa."

Babana yana Kwargaba wajen gonar albasa. A cikin masu jinyarsa ni kaɗai na ji gargaɗin likita da kunnena, ni kaɗai zan iya cewa, Tsoho, ƙarya na yi, ba ta ce haka ba. Ban ce ba. Na sayo masa maganin zazzaɓi a kemis, Kaka ta dafa citta da kanumfari. Litinin ta wuce, Talata ta wuce. Laraba da safe ya tayar da sallah a zaune, na ji yana yanke karatu a tsakiyar aya yana jan iska. Leɓensa ya yi duhu. Mutumin da ke cinye carbi da rabi a ƙarƙashin ruwa ya kasa kiran sunana a numfashi ɗaya.

Mako biyu ya yi a Sakkwato da robar iska a hanci. Murar ta sauka ƙirji, wata cutar ta hau kanta, huhu biyu suka kamu. Likitarmu ta zo daga nata ɓangaren ta duba shi. Ta tambayi ranar da tarin ya fara, na faɗa mata. Ta ƙirga da yatsu.

Ta ce, "Kwana uku yana tari a gida? Mi ya hana ku zuwa?"

Kaka Kulu ta ce, "An ce maganinku shina hana mura."

"Wa ya ce?"

Na dubi ƙasa. Tsoho ya ɗaga robar daga hancinsa, ya ce, "Kasuwa." Ya mayar.

Likitar ta dube ni ta cikin tabarau. Da za ta fita na bi ta baranda, na tambaye ta abin da ya hana shi kamuwa da murar farko. Ta ce ba ta sani ba, in gaya mata yadda yake zaune a lokacin. Sai na tuna. Makonnin nan shida Kaka ta ware masa ɗaki, ta ware masa buta da kwano, ta hana yara shiga, ta hana shi kasuwa. Ko ni, in muna gida, daga bakin ƙofa nake tsokanarsa. Likita ta ce, "To wataƙila kakarka ce rigakafin."

Mafitsara ta warke. Duk lokacin da aka leƙa da na'ura sai a ce tas take. Huhun ne ya yi tabo. Bayan wata huɗu ya matsa sai an gwada. Muka je inda ruwa bai wuce tsayin mutum biyu ba, ya bi gwangwala ya sauka. Ina jan carbi, na kai ƙwaya goma sha tara, igiya ta girgiza sau biyu. Na jawo shi. Ya kwanta a cikin jirgi yana haki har muka kai gaɓa.

Na yi ƙoƙarin janye zancen. Na koma cikin 'yan kifi na ce ƙarya na yi, likita cewa ta yi ba a tabbatar ba. Ba wanda ya ba ni tarwaɗa a kan wannan. Wasu suka ce sammu aka yi wa Tsoho shi ya karya maganin. Watan jiya wani Bafulatani ya tare ni a kasuwar shanu, ya ce shi lafiyarsa ƙalau, amma yana so in raka shi Sakkwato a ɗura masa irin na kakana kafin sanyi ya shigo. Rabin awa na yi ina rantsuwa. Ya tafi yana cewa rowa ce.

Tsoho kuwa sau ɗaya muka yi maganar. Yana zaune yana tufka sabuwar igiya, na tsuguna na ce, "Tsoho, ka san ba haka likita tac ce ba."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ina ɗakin, ɓarawo. Kunnena biyu. Na ji abin da tac ce."

"To mi ya sa ka yarda da nawa?"

Ya ja iska, ya jira ta zauna. Ya ce, "Naka ya hi daɗi."

Saboda haka ku masu waya, wanda ke son koyo ya zo, igiya na nan, shekara biyu zai riƙe ta. Wanda ke ganin jini a fitsarinsa ya je asibiti kafin ya zo, ni ma na je, an ba ni ƙwayoyi na haɗiye. Kuma in kun ji ana cewa akwai maganin mara da ke hana mura, ku ce ba a tabbatar ba, ku tsaya a nan. Kada ku ƙara ko wasali.

Har kwanan baya, in masunci ya yi sallama da safe ya ce, "Mai-nutso na ciki?" mu biyu muke miƙewa. Tsoho ya laluba takalmansa, ya fita ya ji wane itace ne, ya yi tambayoyi, sannan ya ce bari yaro ya je ya duba. Makon jiya wani ya yi sallama daga Rabah. Na miƙe, na tsaya ina jiran Tsoho ya sa takalmi. Bai motsa daga tabarma ba. Ya juyo ya dube ni.

Ya ce, "Mi kaka jira? Kai aka kira."